Wasiƙa ga Auta a Kan Sabon Ɗakin Kiɗansa

Kano,
Daren Lahadi.

Auta,

Ya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyyarta ta safe.

Waƙar da ka turo mini ranar Alhamis ta iso. Na saurare ta a sifikun ɗakin aiki, na sake saurarenta a waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji ta. Wallahi na ji daɗi. Muryarka ta zauna, amshin ya fito sarai, kuma ba ka cika wa kiɗan kaya ba. Gangar ƙasa ta ɗan yi nauyi, tana danne sarewa a baiti na biyu, amma wannan ƙaramin gyara ne, ma yi maganarsa in ka zo.

Hoton ɗakin da ka haɗo da waƙar shi ya sa na zauna rubuta maka takarda. Na ga laftof, na ga ɗan fiyanonka, na ga makirfo da katifar da ka jingina a bango don ta shanye amsa-kuwwa. Na duba ko'ina ban ga faifan ajiya ko ɗaya ba. Da na tambaye ka inda kake adana ayyukanka, ka ce komai yana cikin laftof, kuma ai sabuwa ce. Tun ranar maganar take cina. In na faɗa maka a waya za ka ce "to, Yaya", gobe ka manta. Takarda kuwa za ka iya ajiye ta ka sake dubawa.

Lokacin da na fara zama a situdiyo, ina yaro mai naɗe waya da ɗauko ruwa, kiɗan finafinanmu daga fiyanon Yamaha yake fitowa, jerin nan na PSR. Zamanin da waƙoƙin fim ɗin Sangaya suka cika gari ke nan. Sautin yana cikin akwatin kansa. Mai kiɗa ya danna, a ɗauka, shi ke nan. In fiyano ya lalace a nemo irinsa a kasuwa, sautin da aka sani shi za a tarar.

Naka aikin ba haka yake ba. Ɗan fiyanon da ke gabanka ba shi da murya ko kaɗan, saƙo kawai yake aika wa kwamfuta: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Wannan harshen shi ne MIDI, wanda kamfanonin kayan kiɗa na Amurka da Japan suka daidaita a kansa a 1983. Ƙarfin dannawar ma lamba ce da ba ta wuce 127. Wanda ke mayar da saƙon ya zama sauti shi ne filogin da ke cikin kwamfuta. Kamfanin Steinberg na Hamburg a Jamus, masu Cubase, su suka fito da tsarin VST a 1996, a 1999 suka faɗaɗa shi ya ɗauki kayan kiɗa. Daga nan ne mutum ya iya zuba goge da ƙaho da ganguna na makaɗa hamsin a jakar da zai rataya a kafaɗa. Ni'ima ce babba, kuma ita ta buɗe wa irinmu ƙofa, mu da ba mu gaji kiɗa ba, ba mu kuma da kuɗin tara makaɗa.

Sai dai ka lura da abin da kake ajiyewa in ka gama aikin yini. Kai FL Studio kake amfani da shi, wanda har yau muke ce wa Furuti, daga tsohon sunansa FruityLoops da kamfanin Image-Line na Beljiyam ya sauya a 2003. Buɗe foldarka ka dubi girman fayil ɗin waƙar nan. Za ka ga wani lokaci bai kai hoto ɗaya na wayarka ba. Dalili shi ne babu sauti a cikinsa. Kamar littafin awon tela yake: tsawon riga, faɗin kafaɗa, irin yadi, irin aikin wuya. Mai riƙe da littafin bai riƙe riga ba, sai ya sami yadin da keken da zaren. Fayil ɗin yana cewa ne a ɗauko samful kaza daga folda kaza, a ba filogin kaza wannan saƙon. Ranar da ka sauya wa foldar wuri, ko ka sayi sabuwar kwamfuta babu wannan filogin, waƙar za ta buɗe, layukan suna nan, amma wasunsu shiru.

Ko ba ka taɓa komai ba, zamani yana taɓawa. A 2016 Cubase na tara ya daina karɓar tsofaffin filogin masu bit 32. A 2019 kamfanin Apple ya rufe wa duk manhajojin irin wannan ƙofa a kwamfutocinsa. Masu ayyukan shekara goma sun buɗe su sun tarar da gurbi a inda kiɗa yake. Waƙar da ka yi bana, wata rana wani zai nemi ka ba shi kiɗanta zalla don fim, ko ka sake ɗora murya, ko ka cire baiti ɗaya. Ranar ce za ka san ko ka ajiye ta da gaske.

Saboda haka kada ka ce ka gama waƙa sai ka fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, duk su fara daga farkon waƙar ko da layin bai shigo ba sai a tsakiya, don duk manhajar da aka jera su a ciki su hau kan juna daidai. Murya ka fitar da ita sau biyu, ɗaya da kwalliyarta, ɗaya tsurarta yadda ta fito daga makirfo. Ka fitar da MIDI ɗin ma, ba ya cin wuri. FL yana da hanyar ƙunshe aiki a zip tare da samful ɗinsa, ka riƙa yin haka, amma ka sani ba ya ƙunsar filogin na wasu kamfanoni da manyan rumbunan sautinsu irin na Kontakt. Sannan ka buɗe ɗan fayil na rubutu ka sa gudun waƙar, da maɓallin da aka yi ta a kai, da sunan kowane filogin. Minti ashirin ya ishe ka duk wannan.

Na san za ka ce wuri. Bari mu yi lissafi. Minti ɗaya na WAV mai bit 24, kunne biyu, a kan 44,100, yana cin kusan megabait 16. Waƙar minti biyar mai layi talatin ta kama gigabait biyu da kusan rabi. Faifai mai terabait ɗaya zai ɗauki irinta kusan ɗari huɗu. Yaushe za ka yi waƙa ɗari huɗu? MP3 ɗin da ka turo mini kuwa minti ɗaya megabait ɗaya ne ko biyu, domin an zubar da wani sashe na sautin don ya yi sauƙin ɗauka, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Shi tuwo ne, an riga an tuƙa, ci kawai za a yi. Layukan nan na WAV su ne iri. Ka tuna Baba bai taɓa haɗa damin iri da na ci a wuri ɗaya ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban taɓa ba ka labarinsa duka ba, don lokacin kana makaranta.

A 1991 aka tsara jerin sautuka 128 da ake kira General MIDI, wanda kusan kowane fiyano yake ɗauke da shi. Takwas daga ciki aka ware wa kayan kiɗan al'ummu: akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba da banjo. Babu kalangu, babu kotso, babu kukuma, babu gurmi. Shi ya sa in muna son algaita sai mu ari shanai, in muna son garaya mu ari banjo mu rage masa ƙara. Ko a manyan rumbunan sauti na yanzu, abin da za ka tarar mai kama da namu galibi gangar Yarbawa ce ko tama ta Senegal. Suna da kyau, amma kunnen Bahaushe ya san ba su ba ne. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata yana saki, fatar tana ɗaurewa tana sassautawa, muryar tana hawa tana sauka yadda Hausa take hawa da sauka a baki. Saurari kowace waƙar Shata ka bar muryarsa ka bi kalangan kawai, za ka ji suna amsa masa. Bugu ɗaya da aka ɗauka aka jera a kwamfuta yana maimaita kansa ba zai taɓa yin wannan ba.

Wannan ya sa na nemi wani dattijo makaɗin kalangu, wanda ya gaji kiɗan mahauta daga mahaifinsa, na roƙe shi ya zo ɗakina. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai san kiɗa ba tare da taro ba. Da ƙyar ya yarda. Dare uku muka yi, muna farawa bayan sha biyu in janaretocin unguwa sun yi shiru, fanka a kashe, gumi yana zuba. Kowane bugu sai ya yi mini shi a hankali, da tsaka-tsaki, da ƙarfi, kowanne sau biyar, domin hannun mutum ba ya maimaita bugu iri ɗaya sak, kuma wannan ɗan bambancin shi ke sa kunne ya yarda. Ya yi a sake, ya yi a matse, ya yi wanda murya ke zamewa daga ƙasa zuwa sama. A dare na uku da muka gama abin da na nema, sai ya ce in bar na'urar a kunne. Ya shiga kaɗa taken mahautan da ya yi wa kiɗa tun yana saurayi, in ya kaɗa sai ya tsaya ya faɗa da baki abin da kalangun ya ce, da wanda aka yi wa, da dalilin da aka yi masa. Ya fi awa ɗaya yana yi. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kuma ban sake ji ba.

Wata huɗu na yi ina yanka bugun nan ɗaya bayan ɗaya ina jera su a kan maɓallai, sun haura ɗari biyar. Na yi waƙa biyu da su, duk wanda ya ji sai ya tambayi wane ne makaɗin. Komai yana kan faifai ɗaya na waje, domin kwamfutata ta cika na kwashe su daga cikinta. Ina ganin na yi ajiya ke nan.

Wata ranar Talata da yamma faifan yana kan tebur yana aiki, na miƙe zan buɗe ƙofa, ƙafata ta ja wayarsa, ya faɗo ƙasa. Tsawon faɗuwar bai kai kamu biyu ba. Irin wannan faifan a cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba. In ya faɗi yana juyawa, hannun ya kan karci farantin. Da na mayar da shi sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas. Na kai wa masu gyara uku, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, ba a sami komai ba. Na ce ba komai, bayan salla na sake kiran dattijon. Da damina ta faɗi Allah ya yi masa rasuwa. A 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki kalangu.

Abin da ya rage mini shi ne MP3 biyu, kalangun yana can ƙarƙashin murya da fiyano, ba ya ciruwa. Awa ɗayan nan ta take da bayani kuwa ta tafi gaba ɗaya. Kwanan dattijon ya ƙare, wannan hukuncin Allah ne. Amma abin da ya zuba mini a daren nan amana ce ya ba ni, kuma kuɗin faifai na biyu a lokacin bai kai abin da na kashe a kan makirfo ɗaya ba. Har yau in na ji kiɗan mahauta a kasuwa sai gabana ya faɗi. Allah ya ji ƙansa, ya yafe mini sakacina.

Ka duba Shata da ya rasu a 1999, da Ɗanƙwairo, da Barmani Choge, da Ɗan Maraya na garin da kake zaune. Abin da muke ji nasu yau, wani ne ya ɗauka, wani kuma ya adana. Da yawa daga ciki kwafin kwafin kaset ne, da shuuu a bayansa, domin shi ne ya tsira.

Ga yadda nake yi tun daga ranar. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira uku-biyu-ɗaya: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida daban. A wurinka, na farko shi ne na laftof. Na biyu faifan waje ne da zai zauna a durowa, ka jona shi duk ranar Juma'a ka kwashe aikin mako, ka cire shi ka mayar. In ka ɗauki murya ko makaɗi, abin da ba a iya maimaitawa, kada ka jira Juma'a, a daren za ka kwafa. Na uku ya zauna nan Kano a ɗakin Inna, duk zuwan da za ka yi ka zo da sabo ka tafi da tsoho. Ɓarawon da ya shiga ɗaki laftof da faifan da ke gefenta zai haɗa, gobara da ruwan sama ma haka.

Cire faifan daga jiki da na ce yana da dalili. Wutar da aka ɗauke ta dawo da ƙarfi, ko janareto ya yi tsalle, ko tsawa ta faɗo, duk abin da ke jone tare yake tafiya. Akwai kuma cutar kwamfuta mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, kuma tana bin duk faifan da ta tarar a jone. Wata mai suna Djvu ta shahara da shigowa ta cikin manhajojin da aka fasa, irin waɗanda ake zuba wa mutum a kasuwa a ce kyauta ne. Na san farashin filogin da dala yake, na san halin da ake ciki. Amma Vital kyauta ne, Surge XT kyauta ne, Decent Sampler da za ka jera sautukanka a kai kyauta ne, kuma FL in ka saya sau ɗaya sabuntawarsa kyauta ce har abada. Ban da haka ma, haƙƙin mutane ne, kuma kai ma ba za ka so a kwashi waƙarka a sayar ba da saninka ba. Abin da ka saya kuwa, ka rubuta lambobin lasisinsa da imel ɗin da ka yi rajista da shi a littafi na takarda.

Intanet tana da amfani, amma ka san iyakarta. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda kake rabawa da imel da hotunanka. Ya isa fayilolin aiki da muryoyi tsurara, ka riƙa ɗora su da dare lokacin da data ta fi araha. Ka kula da foldar da ke daidaita kanta da kwamfuta: in ka goge abu a nan, can ma zai goge, in fayil ya lalace a nan, lalataccen zai hau. Kuma kamfani ma yana asara. A 2019 MySpace, wanda a da shi ne dandalin mawaƙa na duniya, ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori. An ƙiyasta sun kai miliyan 50. WhatsApp kuwa hanyar aike ce, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a kasuwa za ka gane ba rumbu ba ce.

Filas na aljihu don kai wa wani aiki yake, kuma akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. SSD ba ya tsoron faɗuwa, ya dace da aikin yau da kullum, sai dai in zai mutu ba ya ƙas-ƙas ɗin gargaɗi, kuma ba a son a bar shi shekaru babu wuta, balle a ɗaki mai zafi.

Saura abu ɗaya da mutane suka fi mantawa, wato gwada ajiyar. A 1998 a kamfanin Pixar na Amurka, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi suna kallo. Suna da na'urar ajiya, amma da suka je ɗaukowa sai suka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, babu wanda ya lura. Abin da ya cece su wata ma'aikaciyarsu ce, Galyn Susman, wadda ta haihu take aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. A bargo aka naɗo kwamfutar aka kawo ta ofis a mota. Fim ɗin ya fito a 1999. Don haka duk wata ka ɗauki faifanka ka je wurin abokinka, ka buɗe waƙa ɗaya a kwamfutarsa, ka saurara daga farko har ƙarshe. In ta buɗe lafiya, to kana da ajiya.

Ka ce kana tara kuɗin manyan sifiku. Ina roƙonka ka dakata da su wata biyu, na kunnen da kake da shi zai riƙe ka. Na sayi faifai ɗaya mai terabait biyu, zan ba direban da ke kawo muku saƙo ranar Laraba. Na biyun kai za ka saya, kuma kada ya zama kamfani ɗaya da wanda na aiko. Sannan Jos gari ne na makaɗa. Ka nemi masu kuntigi da masu goge da masu kalangu da suka manyanta, ka je da ladabi, ka biya su haƙƙinsu, ka nemi izininsu, ka ɗauke su da kyau, har da hirarsu. Kada ka kwanta a daren sai abin da ka ɗauka ya kwana a wuri biyu.

In saƙon ya iso ka kira ni mu tsara foldojin tare. Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka gaida maƙwabcinka mai shago da ya karɓe ni wancan zuwan. Inna ta ce a faɗa maka tana jiran ku da salla, ka taho da faifan.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'ar albarka.

Naka,
Yayanka.